Gama Kwari: Lambunan da ke ciyar da Kano na jiran tallafin da ya wuce buhun taki

Duk wanda ya sayi latas ko alayyafo a Kasuwar Yankaba, ko a bakin titi a Birged, akwai yiwuwar ganyen bai yi wata doguwar tafiya ba kafin ya iso hannunsa.

Wani kaso na kayan lambun da ake ci a Kano a cikin birnin ake noma shi, a gefen rafukan Jakara da Getsi. Gama Kwari da ke ƙaramar hukumar Nasarawa na cikin wuraren da aka daɗe ana wannan noma.

Lambunan ƙanana ne, an yanka su fangali-fangali, gidaje sun kewaye su ta kowane ɓangare. Rani da damina ana aiki a cikinsu: latas, kabeji, alayyafo, karas, albasa, lansir da rama. Kafin a cire wani an zuba irin wani.

A daidai lokacin da gwamnatocin tarayya da na jihohi ke ta maganar lafiyar ƙasar noma da noman da zai jure sauyin yanayi, waɗannan lambuna sun zama wurin gwaji mai kyau. Ƙasarsu ba ta hutawa, ruwan da suke sha ba mai tsafta ba ne, filin kuma kullum gini na cin sa. Idan tallafin gwamnati bai iya amsa waɗannan matsaloli uku ba, to buhun taki kaɗai ba zai amsa su ba.

Ruwan da ke raya lambu, shi ke ɓata ƙasa

Rafin Jakara daga cikin tsohon birni yake tasowa. Yana kwaso ruwan kwatamin unguwanni da kasuwanni, ya ratsa ta arewacin birnin, kafin ya haɗu da Getsi a wurin da ake kira Magami. Daga nan ruwan ke gangarawa madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a shekarun 1970.

Shi kuwa Getsi ta yankin masana'antu na Bompai yake bi, inda ya daɗe yana ɗaukar dagwalon kamfanoni, ciki har da na masu jima.

Ga manomi, wannan ruwa yana da amfani biyu. Na farko ba ya ƙafewa ko da tsakiyar bazara. Na biyu yana ɗauke da abincin shuka daga ƙazantar gidaje, don haka ganye kan yi kore shar ba tare da an zuba taki mai yawa ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun sha auna ruwa da ƙasa da ganyayyakin da ke gefen waɗannan rafuka, kuma sun sha samun sinadarai masu guba irin su dalma, kadmiyom da kuromiyom, wanda masu jimar zamani ke amfani da shi.

Mutanen Arewa sun san illar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinare. Abin da ke faruwa a gefen Jakara bai kai wannan ba, amma yana da nasa haɗarin: irin waɗannan sinadarai ba sa ruɓewa. Taruwa suke yi a ƙasa shekara bayan shekara, shuka ta tsotsa, mutum ya ci.

Wanke ganye yana rage ƙwayoyin cuta da ke jikinsa, amma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikinsa. Wannan ne ya sa batun lafiyar ƙasa a Gama bai tsaya ga manomi ba. Ya shafi mai sayar da kwaɗon latas, da matar da ke yanka alayyafo a miya, da yaran da za su ci.

Shekaru ana auna tallafi da buhu

Idan aka ce gwamnati ta tallafa wa manoma a Najeriya, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne takin zamani. Akwai dalili.

A watan Yunin 2006, shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka amince a ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce, yawancin ƙasashen ba su kai ba.

A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, aka fara tura wa manoma saƙon karɓar taki mai rangwame ta wayar salula. A ƙarshen 2016 kuma gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙulla yarjejeniya da Maroko don shigo da sinadarin fosfet a riƙa haɗa taki a cikin gida, aka sa farashin buhun NPK a kan naira 5,500.

Wannan farashi yanzu ya zama tarihi. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022, da cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, sun sa kuɗin buhu ya ninka sau da dama. A watan Maris na 2024, Babban Bankin Najeriya ya miƙa wa ma'aikatar noma buhu miliyan 2.15 na taki domin a raba wa manoma. A Kano ma gwamnatin jiha na da kamfaninta na KASCO da ke haɗa taki, kuma kusan kowace damina akan yi bikin rabo.

Babu mai musun cewa ƙasar Kano na buƙatar takin zamani. Matsalar ita ce abin da ake zuba takin a kai.

Yawancin ƙasar noma a wannan yanki jigawa ce mai rairayi. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke cikinta, wanda shi ne ke riƙe ruwa da abincin shuka, kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A irin wannan ƙasa, ruwan sama mai ƙarfi ɗaya kan iya wanke wani kaso na takin da manomi ya ci bashi ya saya.

Haka kuma zuba yuriya zalla shekara da shekaru yana sa ƙasa ta yi tsami. Shi ya sa ake jin manoma na cewa ƙasa ta gaji: bana an zuba fiye da na bara, amma amfanin bai kai na bara ba.

Akwai kuma ɓangaren yanayi. Takin da shuka ba ta sha ba, wani yana bin ruwa ya gurɓata rafi, wani yana tashi sama a matsayin iskar da ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya fiye da sau 250. Ke nan takin da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba asara ce ga aljihun manomi, kuma asara ce ga muhalli.

Tsohuwar dabarar Kanawa

Abin da masana ke kira sabon salo a yau, wani ɓangarensa tsohon aiki ne a ƙasar Kano.

Tun a shekarun 1960, wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba.

Sirrin bai wuce taki ba. Da rani jakuna kan shigo birni da itace da hatsi, su koma da mangala cike da toka, shara da kashin awaki da tumaki daga jujin unguwanni. Manomi ya jera takin tsibi-tsibi a gona kafin saukar ruwa.

A gonar kuma ba abu ɗaya ake shukawa ba. Gero da dawa na tafiya tare da wake da gyaɗa, waɗanda saiwoyinsu ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Harawa da karmami su tafi ga dabbobin gida, kashin dabbobin ya dawo gona. Bishiyoyi irin su gawo, ɗorawa da kuka na tsaye a tsakiyar gona. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, ƙasan sa kuma ya fi ko'ina kyan amfani.

Wannan zagaye ne ya soma yankewa. Bolar birni ta yau cike take da leda, roba, kwalabe da matattun batura. Kafin manomi ya samu abin zubawa sai ya tsince, ledar da ta kuɓuce kuma ta hana ruwa shiga ƙasa, ko dabba ta haɗiye. Kuɗin mota ya tashi, gonaki sun ƙara nisa da birni, kara da ake bari a gona kuma ya zama makamashi da abincin dabbobi na sayarwa.

Sakamakon shi ne abu ɗaya ya zama matsala a wuri biyu. A cikin gari shara na toshe magudanan ruwa tana jawo ambaliya, a gona kuma ƙasa na kukan rashin taki. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma wannan zumar tana buƙatar a tace ta.

Shirye-shiryen da ke ƙasa

A 'yan shekarun nan harshen gwamnatoci ya fara sauyawa. A watan Mayun 2024 aka yi taron ƙolin Afirka a Nairobi, kuma wannan karon sunan taron ya haɗa taki da lafiyar ƙasa. Shugabannin sun yi alƙawarin farfaɗo da aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙasar da ta lalace kafin 2034, da kuma samar wa yawancin ƙananan manoma shawarar da ta dace da irin ƙasarsu da abin da suke shukawa.

A Najeriya, babban shirin da ya shafi Arewa shi ne ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disambar 2021 da dala miliyan 700. Ya ƙunshi jihohin Arewa 19 da Abuja, burinsa kuma farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Aikinsa ya haɗa da dashen itatuwa, tara ruwan sama, rance ga ƙungiyoyin manoma da yaƙi da zaizayar ƙasa. A Kano, kwazazzabon Bulbula zuwa Gayawa, wanda ya daɗe yana cin gidaje a ƙananan hukumomin Nasarawa da Ungogo, na cikin ayyukan da aka sa a ƙarƙashinsa.

Akwai kuma shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar Kano, KSADP, na dala miliyan 95, wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ke kan gaba wajen ɗaukar nauyinsa. Ƙungiyar Sasakawa ce ta kula da ɓangaren amfanin gona tare da malaman gona na KNARDA, inda aka kafa gonakin gwaji don manoma su gani da ido.

Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma a 2015 don tare kwararowar hamada. A ɓangaren doka, an kafa Cibiyar Kimiyyar Ƙasar Noma ta Najeriya a 2017, aka kuma sa hannu kan dokar kula da ingancin taki a 2019 don maganin masu cakuɗa shi da yashi.

Na baya-bayan nan shi ne shirin lafiyar ƙasar manoma da ma'aikatar noma ta tarayya ta ƙaddamar a 2025, wanda ƙaramin minista Aliyu Sabi Abdullahi ya daɗe yana tallatawa. Manufar ita ce a samar da wuraren gwajin ƙasa a ƙananan hukumomi 774, a ba manomi kati mai nuna abin da gonarsa ke da shi da abin da ta rasa. Indiya ta fara irin wannan a 2015, ta raba miliyoyin katuna. Darasin da aka koya a can shi ne kati ba ya aiki shi kaɗai, sai da malamin gona da zai zauna da manomi ya fassara masa shi.

Ilimi ma ba a nesa yake ba. A cikin Kano akwai Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da ofisoshin cibiyoyin bincike na IITA da ICRISAT, ga kuma Samaru a Zariya. Daga irin waɗannan wurare aka fito da dabarar shuka layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake, da ta sa ɗan taki kaɗan a gindin kowace shuka maimakon watsawa.

Inda gizo ke saƙa

Kusan duk waɗannan shirye-shirye da manomin karkara aka tsara su: mai gonar masara, shinkafa ko dawa, wanda ake iya auna gonarsa da hekta. Mai fangali goma a bayan gidajen Gama ba ya cika shiga wannan lissafi.

Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Nasarawa na da mutane kusan 600,000, kuma tun daga lokacin gini bai tsaya ba. A idon masu tsara birni, filin lambu fili ne da ba a riga an gina ba.

Dokar mallakar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Da yawa daga masu noman lambu aro, haya ko gado suke nomawa ba tare da takarda ba. Tun a farkon shekarun 2000 masana suka yi gargaɗin cewa rashin tabbas kan fili na barazana ga noman cikin birnin Kano.

Wannan ya shafi lafiyar ƙasa kai-tsaye. Takin gargajiya ba ya nuna cikakken amfaninsa a shekara ɗaya. Bishiya kuma sai ta shekara biyar ko fiye. Mutumin da bai san ko baɗi zai tarar an kafa harsashin gini a lambunsa ba, ba zai kashe kuɗi kan abin da sai nan gaba zai biya ba. Zai nemi abin da zai ba shi ganye cikin mako shida.

Sannan matsalar ta rabu tsakanin ofisoshi. Noma na ma'aikatar gona ne, shara ta REMASAB ce, dagwalon masana'antu na ma'aikatar muhalli da hukumar NESREA ta tarayya, fili kuma na masu tsara birni. Ƙasar lambun kuwa guda ɗaya ce, kuma duk abin da ɗayansu ya bari a kanta yake ƙarewa.

Darasi daga Maraɗi

Ba sai an je nesa ba kafin a ga abin da tabbas ke iya yi. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututturan da ke tohowa a gona, su riƙa yi musu aski su bar su su girma. Ana kiran dabarar sassaben zamani.

Abin bai bazu sosai ba sai da manoma suka gamsu cewa bishiyar da suka rena tasu ce, jami'in gandun daji ba zai ci su tara a kanta ba. Daga baya aka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da bishiyoyi kusan miliyan 200, ba tare da an dasa yawancinsu ba.

A yankin Tawa kuma ramukan tassa da na rabin wata, waɗanda ke tare ruwan sama da taki a wuri guda, sun dawo da fako cikin noma.

Kuɗin da gwamnati ta kashe a nan bai taka kara ya karya ba. Babban abin da ta bayar shi ne ta bar manomi ya ci moriyar wahalarsa.

Abin da zai kai tallafin bakin rafi

Idan aka haɗa binciken masana da abin da aka gani a wasu wurare, matakan da suka dace da wuri irin Gama ba ɓoyayyu ba ne.

Na farko, gwajin ƙasa a nan ya wuce auna abincin shuka. Dole ya haɗa da auna guba a ƙasa da ruwa, a kuma faɗa wa manoma sakamakon da Hausa. Inda aka samu gubar ta yi yawa, ana iya karkata zuwa renon itatuwa da furanni na sayarwa maimakon ganyen ci, tare da tallafin da zai riƙe manomi har ya tsaya da ƙafarsa.

Na biyu, a tare ƙazanta daga tushe. Muddin dagwalo na shiga rafi ba a tace ba, duk gyaran da aka yi a lambu aikin baban giwa ne. Rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana za su rage dogaro da ruwan rafi, su kuma sauke wa manomi nauyin fetur.

Na uku, a dawo da zagayen taki. Kasuwar Yankaba kaɗai na zubar da tarin ruɓaɓɓen kayan gwari kowace rana, ga mayanka da turakun dabbobi a unguwanni. Ware wannan daga leda, a ruɓar da shi yadda ya kamata, a sayar wa manoma da rahusa, aiki ne da zai ɗauki matasa, ya rage shara, ya ciyar da ƙasa. Idan ana iya sa rangwame a buhun NPK, ana iya sa shi a buhun takin gargajiya.

Na huɗu, a amince cewa noman cikin birni sana'a ce. A yi wa masu yin sa rajista, a keɓe gefen rafuka a matsayin wurin da ba a gini. Wannan zai ba manomi natsuwa, ya kuma bar wa ruwa hanya. Bayan ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, babu wanda ke buƙatar a yi masa dogon bayani kan haɗarin gini a bakin rafi.

Damina a Kano gajeriya ce, wata huɗu ne zuwa biyar, kuma manoma na ganin yadda take ƙara rikicewa: ta makara, ta ɗauke a tsakiya, ko ta sauko gaba ɗaya cikin kwana biyu. Ƙasa mai ruɓaɓɓen taki ita ce ke shanye ruwan idan ya yi yawa, ta riƙe shi idan ya yi ƙaranci.

An riga an ware kuɗi, an sa hannu kan dokoki, an yi alƙawura masu wa'adi. Shirin ACReSAL na shekara shida ne, alƙawarin Nairobi kuma 2034 zai cika. Ma'aunin da ya rage shi ne wanda manomi zai iya gani da idonsa: ko an auna ƙasarsa, ko ruwan da ke shiga lambunsa ya sauya launi, ko kuma filin zai kai baɗi a hannunsa.